Ɗigon Ruwa a Bayan Tanki

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba sai yau, kuma na san waɗanda suka iya ba haka suke farawa ba. Karatu na saba da shi, rubutun nan kuwa karambani ne kawai. Idan kun ga na yi tuntuɓe a hanya, ku kawar da kai kamar ba ku gani ba, haka zai fi mini sauƙi. Labarin ma ba wani babba ba ne. Na wata yarinya ne da yayarta da wani tsohon baho.

Auta ake ce mata a gida, sai Baba shi kaɗai da yake kiranta Malama, saboda ko abinci za ta ci sai ta jingina littafi a jikin kwalbar ruwa. Yarinya ce mai tsoron mutane. Idan aka yi baƙi takan shige ɗaki ta ja ƙofa, idan kuwa aka tsare ta da tambaya sai maganar ta maƙale mata a wuya, ta yi ta murza bakin rigarta har mai tambayar ya gaji ya tafi. Suna zaune a saman wani bene mai gidaje da yawa, inda kowa ke jin tarin maƙwabcinsa. Ɗakinsu ɗaya da Yaya, gado biyu, madubi ɗaya, kuma madubin na Yaya ne ko da ba a faɗa ba.

A bayan benen akwai wani lungu tsakanin bango da katanga. Bakinsa wani mataccen firji mara ƙofa ya tare shi, da ƙarfen gado da aka jingina a kai tun kafin su tare a gidan, don haka ba mai leƙawa. Amma mai ƙaramin jiki, idan ya karkace ya riƙe numfashi, zai iya ratsawa. Can ciki tankin ruwan gidansu yake, a kan ƙafafun ƙarfe, kuma a gwiwar bututunsa akwai inda yake ɗiga. Ba zuba yake yi ba, ɗigo ne kawai, ɗis, ya yi shiru kamar ya fasa, sannan ɗis. A ƙarƙashin ɗigon wani ya taɓa yar da farin baho na wanka wanda fentinsa ya ɓare, ƙasa ta cinye rabinsa. Kullum a cike yake, yana tumbatsa a hankali ta gefe guda.

Wannan ’yar tumbatsar ita ta yi komai. Duk unguwar siminti ne da kwalta, amma a nan ƙasa baƙa ce, mai sanyi, mai ƙamshin farkon ruwan sama ko da rana na dukan kai. Gansakuka ta lulluɓe gindin bango, idan ka shafa ta da bayan yatsa kamar kunnen ɗan kyanwa. Wata ciyawa mai yaɗo ta hau ƙafar tankin tana fitar da furanni shuɗɗa ƙanana, da safe su buɗe, kafin azahar su tsuke baki. Zanzaro yakan sauka a bakin taɓo, ya dunƙula ƙasa da hannuwansa kamar mai gini na gaske, ya tashi da ita da ƙyar, jim kaɗan ya dawo neman wata. Gwarare sukan zo wanka, su yi ta faɗa a kan wuri ɗaya alhali bahon ya ishe su duka. Akwai wani jan mazari da ya mallaki tsinken da ya leƙo daga ruwan, duk inda ya zagaya nan yake dawowa. A ƙarƙashin wani fasasshen bulo kuma akwai kwaɗo, ƙato, wanda bai damu da kowa ba.

Da aka yi hutun makaranta, kullum Auta takan ɗauki littafi ta ce wa Mama za ta yi karatu a matakala. Mama na tsakiyar wanki ko guga, sai ta ce, “To, kada dai ki zauna a hanya mutane su taka ki.” Littafin kuwa ko buɗe shi ba ta yi. A kan cinya take ajiye shi, ta zauna a kan bulo, ta yi shiru har tsuntsayen su manta da ita. A nan ne kawai ba a ce mata ta ɗaga murya.

Wata safiya ta karkace ta ratsa bayan firjin, sai ta ga mutum zaune a kan bulonta. Shuɗiyar riga ce mai tambarin kantin labule a ƙirji, takalma masu tsini a hannu, kwalli ya zubo har kumatu. Yaya ce, wadda ta yi sallama da kowa ɗazu ta ce ta makara.

“Ke! Me ya kawo ki nan?” in ji Yaya, tana goge fuska da sauri.

“Ni… nan ne wurina.”

“Wurinki? Ubanki ne ya saya miki?”

Suka kalli juna. Sai Yaya ta tuna uban nasu ɗaya ne, dariya ta ƙwace mata, dariyar ta juye ta koma kuka, ta toshe baki da tafin hannu don kada a ji.

Yaya ta girmi Auta nesa ba kusa ba. Ita ce mai baki a gidan, mai sa Baba dariya har ya ƙware, wadda idan ta shiga shagon kusa sai mai shagon ya ƙara mata alewa a kan sayayya. Aikin kantin labulen nan Baba ya sha sintiri kafin a samu. Wani abokinsa ya roƙa, abokin ya roƙi surukinsa mai kantin. Tun daga nan duk wanda ya gaishe da Baba, ko bai tambaya ba, sai ya ji cewa babbar ’yarsa tana aiki.

“Sun kore ni,” in ji Yaya. “Labulen wani otal aka ba ni in yanka. Na auna tagar farko daidai, sauran na ɗauka duk ɗaya suke. Ashe na bene na sama sun fi tsawo. Bandir guda, Auta, duk na gutsure shi. Da aka rataya sai ka ce wandon yaro da ya yi masa kaɗan.” Ta ja majina. “Da farko a tashar mota nake yini. Jiya na hango abokin Baba yana tsallako titi, na ɓuya a bayan mai lemo. Shi ne na tuna da lungun nan, da ƙyar na kutso. Ki rantse ba za ki faɗa ba. Aiki nake nema a waya, da na samu zan ce canji na yi.”

“Na rantse.” Auta ta murza bakin riga. “Ke ma ki rantse.”

“A kan me?”

“Wurin nan. In Mama ta sani za ta sa a gyara famfon.”

Yaya ta dubi bahon, ta dubi taɓon, ta yamutsa fuska. “Wannan ƙazantar? To na rantse. Wallahi ko a mafarki.”

Da farko zaman bai yi daɗi ba. Yaya ba ta iya shiru ba. Ta shimfiɗa kwali, ta yi ta danna waya tana tsaki, tana kore duk abin da ya gifta da mayafi. Da zanzaro ya zo sai da ta kusa faɗawa cikin bahon. Gwararen suka ƙaurace. Auta ta haƙura, ta haƙura, ran nan dai ta kasa.

“Yaya, ki daina motsi. Ba ruwansa da ke, ƙasa ya zo ɗiba.”

“Iye! Yau Malama ce da ba da umarni?”

“Ki ajiye hannunki a gwiwa. Haka. Kada ki kalle su kai tsaye, ki kalli gefe.”

Yaya ta yi, tana gunaguni. Ɗis. Ɗis. Can sai ga gwara ɗaya a kan katanga, ta karkata kai, ta sauko, ta tsoma ƙirji cikin ruwan ta karkaɗe jiki, har feshin ya taɓa ƙafar Yaya. Auta ta ga yatsun ƙafar sun lanƙwashe don daɗi. Daga ranar wayar Yaya ta fara daɗewa a cikin jaka.

Ita ce ma ta raɗa wa kwaɗon suna. Ya fito daga ƙarƙashin bulo yana hura maƙoshi, ya zuba musu ido kamar sun zo aiki a makare. Yaya ta dafe ƙirji. “Manaja! Wallahi shi ne, har haɓar. Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ba za a sake ba.” Kullum da safe sai ta rusuna ta gaishe shi, ta tambaye shi iyali da kasuwa, ta ba shi labarin wuraren da suka ce za su neme ta ba su neme ta ba. Auta ta riƙa dariya har cikinta ya ƙulle, dariyar da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

Kuma Yaya ce ta fara ganin ƙwan. “Auta, zo ki gani, wata ta yar da sarƙarta a ruwa.” Zare ne dogo mai santsi, ya nannaɗe a jikin tsinken mazari, da baƙaƙen ɗigo jere a cikinsa kamar duwatsun wuya. Auta ta taɓa ganin hotonsa a littafin kimiyya. Ta yi bayani, ta yi ta bayani, ba ta maƙale ko sau ɗaya ba: yadda za su ƙyanƙyashe su zama talibambam, yadda ƙafafun baya ke fara fitowa kafin na gaba, yadda jelar ke shanyewa, sannan wata safiya su hau bakin bahon su yi tsalle su tafi abinsu.

“Ashe Manaja mace ce,” in ji Yaya. Ta daɗe tana kallon ƙanwarta. “Ke kuma ashe kina da baki haka? Duk shekarun nan muna ɗaki ɗaya kina yi mini rowar magana.”

Suka ƙyanƙyashe, ƙanana kamar waƙafi a shafin littafi, suna lilo a jikin bahon. Yaya ta riƙa sato ganyen latas daga firjin Mama a cikin jakarta ta zuwa aiki, ta yayyaga musu, su taru a kai baƙi ƙirin. Idan ka tsoma yatsa ka bar shi, sai su zo su yi ta tsotsarsa, wani ɗan cakulkuli da ba shi da suna. Yaya takan tsoma nata ta lumshe ido. Ran nan ta ce, “Tun da aka kore ni ban yi numfashi ya kai cikina ba sai a nan.” Auta ta adana maganar nan a ranta kamar an ba ta kyauta. Da dare kuwa, ko ana cin abinci, da sun haɗa ido sai Yaya ta hura maƙoshi irin na Manaja, Auta ta sunkuyar da kai cikin kwano, Mama ta ce, “Ku biyun nan kwanan nan ban gane muku ba.”

Ƙafafun baya sun fara tsirowa ke nan, sirara kamar zaren ɗinki, sai abin ya faru. A bangon lungun akwai wata ’yar tagar banɗaki ta gidan ƙasa, wadda fenti ya liƙe ta shekara da shekaru. Gidan Maman ’Yan Biyu ne, matar da ba a yin abu a benen ba ta sani ba. Ranar ta sa aka ɓalle tagar don iska. Su ba su ji ba, don Yaya na tsakiyar yi wa Manaja ƙorafi.

Da yamma suna zaune ana shan shayi, Mama ta shigo daga matakala, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta cire takalmi ba. Ta dubi Yaya.

“Maman ’Yan Biyu ta ce ta gan ki da hantsi a bayan tanki, da rigar aiki, kina zaune a kan kwali. Ta ce har da wannan.” Ta nuna Auta da haɓa. “Me kike yi a gida da hantsi?”

Baba ya ajiye kofinsa. Auta ta kalli Yaya, tana jiran ta ga ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya, har ta fara shirin matsawa kusa da ita. Yaya ta sunkuyar da kai na ɗan lokaci. Da ta ɗago, fuskarta ta zama wata iri, ta damuwa, irin ta manya.

“Mama, ban so ku sani ba don kada hankalinku ya tashi. Saboda Auta ne.”

“Auta kuma?”

“Ba karatu take yi a matakala ba. Can take yini, cikin taɓo da sauro, ita kaɗai. Na bi ta na gani. Mama, magana take yi da kwaɗo. Har suna ta sa masa, wai Manaja, tana gaishe shi tana tambayarsa iyali. Tana tsoma hannu cikin ruwan nan mai tsutsa. Latas ɗinki da kike cewa yana ƙarewa, can take kai shi. Tsoro ya kama ni, shi ne nake roƙon izini a wurin aiki in zo in duba ta in koma.”

Ko numfashi ba ta ja ba tsakanin jimla da jimla. Auta ta ji kowace kalma tana sauka kamar ana kwashe kayan ɗakinta ana jefowa ta taga. Ba ƙaryar ce ta fi yi mata ciwo ba. Gaskiyar da ke cikinta ce: sunan, da latas ɗin, da yatsa a cikin ruwa, duk abubuwan da suka yi tare, an ɗauko su ɗaya bayan ɗaya an rataya mata ita kaɗai.

“Innalillahi,” in ji Mama, ta zauna a hannun kujera. “Shi ya sa sauro ya hana mu sakat. Idan maciji ne fa? Dama na ce karatun nan ya yi yawa, yarinya ba ƙawa ba kowa.”

Baba ya juyo, muryarsa a tausashe. “Malama, gaskiya ne? Kina zuwa can?”

Maganar tana nan a bakinta, a shirye: an kore ta, Baba, ba izini take roƙa ba. Kalmomi kaɗan ne. Har da wasu a bayansu, cewa ba tsutsa ba ce, cewa ƙafafu sun fara fitowa. Amma ta rantse, kuma ita ba ta san yadda ake warware rantsuwa a gaban mutane ba. Ga idon Baba, ga na Mama, ga Yaya da ta ƙura wa kofinta ido.

“E,” ta ce.

“To shi ke nan, ba faɗa ba ne,” in ji Baba. “Za a kira mai gyaran famfo ya ɗaure bututun, a zubar da ruwan, a shafe wurin da siminti. Ke kuma,” ya dubi Yaya, “Allah ya yi miki albarka. Haka ake son babba. Gobe ba ni da aiki, zan kira abokina ya ba surukinsa haƙuri kan fitar da kika riƙa yi.”

Cokalin Yaya ya ƙwanƙwasa kofi.

A ɗaki, Auta ta zauna a bakin gado ta juya baya. Yaya ta rufe ƙofa, ta zo ta durƙusa a gabanta, tana raɗa.

“Ki kalle ni mana. Me kike so in ce? Bakina ne ya riga ni. Ke yarinya ce, gobe an manta. Ni kuwa in Baba ya ji, da wane ido zai kalli abokinsa?”

“Kin rantse.”

“Na sani.”

“Ke kika sa masa suna.”

“Auta, kwaɗo ne fa.” Ta kama hannunta, Auta ta janye. “To ji. Me kike so in yi miki? Faɗi.”

Auta ta juyo ta dube ta. “Kada a zubar yanzu. Ƙafafun gaba kawai suka rage, sai jela. Ba za su daɗe ba. In sun tafi, a yi duk abin da za a yi.”

“Wannan ai mai sauƙi ne. Ni Baba zai sa in nemo mai gyaran, kin san shi da mantuwa. Zan ce ya yi tafiya, zan ce ba ya ɗaga waya. Sai sun yi tsalle sun tafi, na yi miki alkawari.” Ta hura maƙoshi irin na Manaja. Auta ba ta yi dariya ba, amma ta yarda. Abin da ya fi ba ta haushi daga baya ke nan, cewa ta sake yarda.

Washegari Yaya ta sa shuɗiyar riga ta yi sallama ta fita kamar kullum. Mama ta hana Auta ko leƙa matakala, ta ba ta tsintar shinkafa. Rana ba ta kai tsaka ba sai ga hayaniya a ƙasa, ƙarar ƙarfe a kan siminti. Auta ta leƙa ta baranda. Mai gyaran famfo ne da jakar kayan aikinsa da rabin buhun siminti a kafaɗa, ya riga ya ja mataccen firjin gefe. Yaya na tsaye kusa da shi tana nuna masa lungun da hannu.

Kowa ya fito. Baba da jallabiyarsa ta zaman gida, Mama da kumfa a hannu, Maman ’Yan Biyu da ’yan biyun nata, da wasu maƙwabta da ba abin da ya shafe su. Lungun da bai taɓa ɗaukar fiye da mutum biyu ba ya cika da takalma. Wani ya taka ciyawar mai shuɗin fure. Kwalin da Yaya ke zama a kai babu shi, an riga an ɗauke. Auta ta tsaya a can baya, jikin katanga, da gwangwanin madara da take awon shinkafa da shi, wanda ta manta yana hannunta.

“A hanya na gan shi, na ce gara a yi a gama,” in ji Yaya ga Baba. Ba ta dubi inda Auta take ba.

Mai gyaran ya tsuguna ya duba gwiwar bututun. “Wannan ai ba komai ba ne, roba ce ta cinye.” Ya rufe ruwa, ya kwance, ya naɗa wani farin zare, ya ɗaure da sifana. Ya buɗe ruwan. Duk aka zuba wa gwiwar ido. Wani ɗigo ya taru a ƙasanta, saura daga na dā, ya yi nauyi, ya faɗa. Auta ta jira na bayansa. Bai zo ba. Ba ta taɓa sanin cewa da ƙarar nan take jin lungun ba sai da ta ɗauke.

“Bahon fa, Alhaji? In kifar?”

“Kifar mana,” in ji Mama. “Dubi tsutsotsi, Allah ya kiyaye.”

“Bari in kwaɓa simintin tukuna, ruwan zai yi mini amfani.” Ya tafi ɗauko shebur.

A daidai nan Yaya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa.

“Lafiya?” in ji Baba.

“Baba, kada ka kira kowa. Sun sallame ni yau da safe.” Kukan ya ƙaru. “Sun ce fitar ta yi yawa. Na ce musu ƙanwata ce ba ta da lafiya, suka ce ba ruwansu. Don Allah kada ka kira, kada ka zubar da girmanka a kaina. Ni na ja, kuma ko yau aka sake zan sake, ƙanwata ce.”

Kukan na gaske ne, Auta ta san shi. Shi ne wanda ta tarar a kan bulo ranar farko, an adana shi ne kawai har aka samu inda zai yi amfani. Mama ta rungume Yaya. Maman ’Yan Biyu ta tafa hannu tana salati, tana cewa irin wannan ’ya sai an tona. Baba ya cire hula ya shafa kai ya mayar, yana faɗin ba komai, Allah zai kawo wani, aikin da zai hana mutum duba ɗan’uwansa ba aiki ba ne. Maƙwabta suka matso, kowa da tasa, wannan ya san wani mai kanti, waccan tana da ƙanin miji a wani ofis. Duk suka juya wa bahon baya.

Auta ta tsuguna. Takun mutane ya firgita talibambam ɗin, duk sun nutse ƙasa cikin laka. Manaja ba ta ƙarƙashin bulonta, bulon ma an ture shi. Ta juye ’yar shinkafar da ta rage a gwangwanin, ta tsoma shi a hankali, ta tsoma ɗayan hannun ta bar yatsunta a buɗe, ba motsi, kamar yadda ta koya wa wata. Suka fara tasowa. Ɗaya ya taɓa yatsanta, sai wani. Ta kora su cikin gwangwanin da gefen hannu. Ba duka ba. Ko rabi ba ta samu ba, ga ƙarar shebur tana matsowa daga bakin lungu. Ta tsinko ɗan gansakuka ta jefa a ciki, ta rufe bakin gwangwanin da tafin hannu.

Ta san wani kwalbati a bayan makarantarsu da ruwa ke kwanciya a ƙarƙashinsa. Ba ta san ko yana nan har yanzu ba, ba ta kuma taɓa zuwa can ita kaɗai ba. Ta miƙe. Sau ɗaya ta waiga, ta tsakanin kafaɗun mutane, ko Yaya za ta ɗago. Fuskar Yaya na cikin kafaɗar Mama, Baba yana bubbuga bayanta.

Yanzu da aka janye firjin, ba sai an karkace ba. Ta raɓa ta gefen mai gyaran famfo, ta bi jikin bango, ruwan yana ɗiga ta tsakanin yatsunta a kan siminti, ta fice ta ƙaramar ƙofa tun kafin wani ya tuna ya tambayi ina Auta.